Na'urar da Ta Riƙe Muryar Inna Hajjo

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar wata Laraba, cikin watan Mayun 1999, wata mace ta jingine mobilet ɗinta, ƙaramin babur, a ƙofar komisariya, ofishin 'yan sanda na Wagadugu, ta shigo da sauri. Aka nuna mata ofishin Sufeto Illiya Ɗan Malam, don shi ke jin Hausa, kuma a Zongo, unguwar Hausawa, aka haife shi.

"Sunana Saratu Rabe. An sace mini samfila."

"An sace miki me?"

"Na'urar kiɗa ce, Sufeto. In ka yi magana ko ka buga ƙwarya a gaban makirufo, sai ta kama sautin ta riƙe. Ka taɓa maɓalli ta maido maka da shi, da kauri ko siriri, yadda ka so."

"Rakoda ke nan."

"A'a. Rakoda maimaitawa kawai take yi. Wannan kiɗa ake yi da ita." Ta share zufa da bakin gyale. "Ba ita ce ta fi damuna ba. Har akwatin disket aka ɗauka, guda goma sha huɗu, waɗanda na adana muryar kakata a ciki. Inna Hajjo. Da azumin nan ta rasu, kuma muryarta ba ta ko'ina sai a nan."

Sufeto ya ajiye biro. Ya san Inna Hajjo mai goro ta bakin masallaci tun yana zuwa lekol, makarantar boko. Ya ɗauki hularsa.

Ɗakin Saratu na can ƙuryar gidansu. Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa, babu ko ƙwarzane.

"Yaushe kika bar ɗakin?"

"Jiya da azahar. Duk matan gidan mun tafi bikin suna a unguwar Kamsaoghin, sai magariba muka dawo."

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya na hannuna, ɗaya na rataye a ƙusa a ɗakin Inna. Duk ɗan gida ya san wurin."

A kan tebur akwai wani littafin Turanci da ya sha jiki, da kaye mai kauri, wato littafin rubutu. Sufeto ya buɗe kayen. Shafi bayan shafi, an zana maɓallai, an rubuta aikin kowanne da Hausa da Faransanci.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Yayana ne ya aiko mini da ita daga Abijan, ta hannu ce, ko kunnuwa ba ta yi. Ni kuma ba na jin Turancin Ingila. Da ƙamus na bi littafin, kalma-kalma, shekara biyu. Wata uku na yi kafin ta yi ƙara ta farko, kukan zakaran gidan nan. Daƙiƙa goma sha ɗaya kawai take iya riƙewa, don haka sai da na riƙa lallaɓa Inna tana yi mini waƙoƙin daka na matan fatake baiti-baiti, ina adanawa. Na haɗa su da sautin turmi da na kacaukacau. Asabar ɗin nan zan gabatar a gidan al'adu."

Sufeto ya dube ta na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da buɗe shafuka. A gefen na ƙarshe ya ga wani rubutu daban, mai karkata, ba nata ba. Da ya sunkuya sai ya hango wani baƙin ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashin tebur.

"Wannan fa?"

Saratu ta dafe ƙirji. "Taransifo! Ban ma lura ba. Na'urar 'yar Amirka ce, wuta ɗari da goma take ci, tamu kuwa ɗari biyu da ashirin ce. Wannan ke rage mata. In aka jona ta kai tsaye a bango, za ta ƙone."

"To ɓarawon ya san inda makulli yake, amma bai san na'urar ba," in ji Sufeto.

A tsakar gida suka haɗu da Kawu Mani, ɗan marigayiya kuma ƙanin mahaifin Saratu, mai shagon yadi a babbar kasuwa. Dogo ne, da farar hula.

"Alhaji, jiya kana gida?"

"Ina kasuwa tun safe har magariba. In kana neman mai laifi, ka tambayi Shitu mai ogan. Shi ke shawagi a bayan gidan nan."

Shitu mai ogan, fiyanon nan na lantarki, wanda ƙungiyarsa ke kiɗa a kusan duk bikin Hausawan Wagadugu, yana zaune a Tiendpalogo. Sufeto ya same shi yana goge kayansa.

"Ka san ɗakin Saratu Rabe?"

"Ban taɓa taka shi ba. Ni da wannan akwatin malalata? Kowa ya san ra'ayina. Kiɗa da yatsu ake yi."

"Rubuta mini sunanka da adireshinka a nan."

Shitu ya rubuta. Sufeto ya zaro kayen Saratu ya buɗe shafin ƙarshe ya jera su. Rubutun iri ɗaya ne.

Shitu ya zauna a kan sifika. "Bon. Ka rufa mini asiri, Sufeto. Kowace Litinin nake zuwa tana koya mini. Shekara ashirin ina kiɗa, amma ranar da na ji ta mayar da bugun taɓarya ɗaya ya zama ganguna shida, barci bai ɗauke ni ba. Kuma ga shi na riga na kushe abin a gaban jama'a."

"In aka ajiye maka na'urar yanzu, me za ka fara yi?"

"In jona taransifo, in sa disket ɗin tashi, in jira ta gama karantawa."

"Mene ne disket ɗin tashi?"

"Wanda ke farkar da ita. In babu shi, wuta za ta kama amma ba za ta yi komai ba. A jakar Saratu yake kwana."

Sufeto ya rufe kaye. "Wanda ya ƙona irin wannan abu, ina zai kai shi?"

"Mutum ɗaya ne ke da zuciyar buɗe kayan kiɗa a garin nan. Rabi'u, a hanyar Kossodo."

Shagon Rabi'u cike yake da matattun rediyo da talabijin. Da ya ga katin Sufeto sai ya ajiye ƙarfen dalma.

"An kawo maka na'urar kiɗa tsakanin jiya da yau?"

"Babu, ranka ya daɗe. Rabona da irin wannan tun bara."

Sufeto ya zagaya bayan benci a hankali. A ƙarƙashi akwai wani ƙunshi mai kusurwa huɗu, an naɗe shi da sabuwar shadda ruwan toka, ko wanki ba ta taɓa gani ba.

"Rediyon wa ake naɗewa da shadda?"

"Wani dattijo ne ya kawo jiya da la'asar, ya haɗa ni da Allah kar in faɗa wa kowa. Ya ce ya jona ta sai ta yi ƙara da wari. Na duba, fis ne kawai ya ƙone, Allah ya taƙaita. Na canza, na sa mata taransifona. Wuta ta kama, amma sai wani rubutu ya tsaya a fuskarta, ba gaba ba baya. Na ɗauka ni na ƙarasa ta, shi ya sa na ji tsoro."

"Sunansa?"

"Bai faɗa ba. Disket ɗaya ya bar mini, ya ce abin da ke ciki kawai yake so ya ji."

Sufeto ya aika direbansa ya ɗauko Saratu. Da ta shigo ba ta ko gaisa ba. Ta shafa na'urar, ta sunsuna bayanta, sannan ta ciro disket daga jaka ta zura. Abin ya yi gurnani ya tsaya. Ta cire ta sake sawa. Haka dai.

"Shi ke nan, ta mutu," in ji Rabi'u.

"Ba ta mutu ba. Saurara, injin na juyawa, karatu ne ba ta yi. Ba ni sukudireba ƙarami, da auduga da alkol."

Ta kwance murfi, ta naɗa auduga a tsinke ta goge ɗan ƙarfen da ke karanta disket. Ta gwada, babu. Ta kafa kunne, ta sa Rabi'u ya kunna ya kashe sau biyu. Sai ta tura yatsa can ciki ta danna wata faffaɗar waya da ta ɗan zame daga mazauninta.

"Jijjigar mobilet ɗin da aka ɗauko ta a kai ce ta kwance ta," ta ce.

Ta kunna. Na'urar ta yi taf-taf-taf, lambobi suka fara gudu a fuskarta. Saratu ta taɓa maɓalli ɗaya, sai ga bugun taɓarya ya cika shagon, har mai sayar da ruwa a waje ya leƙo.

Rabi'u ya cire tabarau. "Madam, a ina kika yi karatun lantarki?"

"A ɗakina."

Sufeto ya tsinci kansa yana murmushi. Ya ɗaga shaddar ya shimfiɗa a benci. An yanke ta a karkace, da gaggawa. "Kin san wannan yadin?"

Saratu ta dube shi, ta kawar da kai. Sannan ta ce, "Makon jiya aka kawo wa Kawu irinsa daga Lome."

A babbar kasuwa, Sufeto bai wuce shagon Mani kai tsaye ba. Ya tsaya wurin maƙwabciyarsa, Salamata mai atamfa, wadda ta ce jiya Alhaji ya rufe da azahar bai dawo ba.

Mani na auna wa wata mata yadi. Sufeto ya jira ta tafi.

"Alhaji, jiya ka ce ina ka yini?"

"Na faɗa maka. A nan."

"Sauko mini da shaddar can ruwan toka."

Mani ya sauko da bandir ɗin. Sufeto ya warware bakinsa, ya ciro tasa daga leda ya haɗa su. Yankan ya zauna daidai, karkata da karkata.

Dattijon ya tsaya yana kallon yadin. Daga nan ya durƙusa ya buɗe wata adaka, ya fito da akwatin disket ɗin, an naɗe shi da tsohon kallabi.

"Ban da wanda na bar wa Rabi'u, ban taɓa ko ɗaya ba," ya ce. "Mu je."

A komisariya aka ɗora na'urar a teburin Sufeto a matsayin shaida. Saratu na tsaye a bakin taga. Mani ya zauna, hularsa a gwiwa.

"Ni na ɗauka. Na ji an ce ranar Asabar za a saki muryar mahaifiyata a gaban 'yan rawa. Na yi wa Saratu magana sau biyu, ta ce in zo in ji tukuna, na ƙi. Niyyata in jefa abin a baraj, madatsar ruwan can. Har na kai bakin ruwa. Sai na ga an rubuta Inna a jikin ƙananan abubuwan nan. Wata biyar ban ji muryarta ba, Sufeto. Na ce bari in ji sau ɗaya kafin in jefa. Na je gidan abokina na jona, sai hayaƙi. Wallahi na ɗauka na ƙone ta da hannuna."

"Kuma ka ɗora wa Shitu."

"Wannan ya fi satar muni. Zan nemi gafararsa."

Saratu ta matso. "Sufeto, na janye ƙarata. Kawuna ne."

"An riga an rubuta, Malama. Sai an ɗauki bayaninsa, kwamishina ya duba. Zan gaya masa abin da kika ce."

"To a ba ni minti biyu."

Ta zura disket ɗin da Mani ya bar wa Rabi'u. Ta taɓa maɓalli, turmi ya fara bugawa a hankali. Ta taɓa na biyu, sai muryar tsohuwa ta tashi, siririya, tana kiran sunayen zangon da uwayenta suka kwana a hanyar goro. A tsakiyar baiti na uku muryar ta sarƙe, Inna ta yi tari, ta yi 'yar dariya, ta ci gaba. Mai buga tafireta a ofishin gefe ya tsaya da aiki.

Mani bai motsa ba. Hawaye ya bi gemunsa ya ɗiga a hula.

"Wannan za ki sa ranar Asabar?"

"Shi ne, Kawu. Ba rawa a ciki. Zama ake yi a saurara."

Ɗan sanda ya shigo da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, sai ɗan sandan ya mayar da ita aljihu, ya kama hannun dattijon kawai. Sun kai bakin ƙofa Mani ya juyo.

"Saratu."

"Na'am, Kawu."

"Tarin nan da ta yi, na'urarki na iya cire shi?"

"Tana iyawa. Jiya ma na so in yanke shi."

"Kar ki yanke," ya ce. Sannan ya bi ɗan sandan suka fita.