Tsayuwa a Ƙarƙashin Gada

A tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ke ƙasar Kiru ne Ɗahiru ya fara ganin Baturiya, wata 'yar Fulani. Yana cikin masu gyaran gadar, rataye da igiya yana ɗaure noti, ita kuwa tana ƙasa da ƙwaryar nono. Ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan reluwe, in za ka faɗo, ka kauce wa ƙwaryata."

Tun daga ranar, duk furar da ba ita ta dama ba gari ce a bakinsa.

Sai dai gadar nan tana da jini a kanta. Da daminar bara Hamman, yayan Baturiya, ya taka ruɓaɓɓen katako ya zurma, kogi ya tafi da shi. Ko gawarsa ba a samu ba.

Da manyan Ɗahiru suka je ruga neman aure, mahaifinta bai ko ba su tabarma ba. Ya ce, "Kun shafa wa kabari fenti kuna cewa gyara. In yaronku ya yarda da aikinsa, ya tsaya a ƙarƙashinta ranar da jirgin Legas zai fara hawa."

"Kada ka je," in ji Baturiya da suka haɗu, idanunta jajur. "Baffa ba haushinka yake ji ba, Hamman yake nema."

"Tauraruwata, ɗaruruwan mutane za su bi ta kai. In na ji tsoron ƙasanta, da wane ido zan kalle su?"

Ranar ta zo. Ɗahiru ya tsaya shi kaɗai a kan yashin ƙarƙashin gadar, tsoro ya kama shi. Jirgi ya yi kuka daga nesa.

Sai ga Baturiya ta sauke ƙwarya. 'Yar Fulanin da ko sunan saurayi ba ta faɗa a gaban mutane ta gangara, a idon mahaifinta, ta tsaya a gefensa.

Tsohon ya jefar da sanda ya biyo ta a guje. Jirgi ya same su su uku a wurin. Ƙarfe ya yi ruri, tsatsa ta zubo musu a ka, gada ba ta motsa ba.

Bayan tarago na ƙarshe ya wuce, tsohon ya durƙusa ya yi kukan da bai yi wa Hamman ba.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Mahaifinta ya kama hannun Ɗahiru ya ce, "Gadar nan ta ci mini ɗa, ta kuma biya ni. Allah ya yi muku albarka."