Jika Guda Gare Ni

Ni Takama na Dogarawa, yunwa biyu ta bi ta kaina ba ta kada ni ba. Likita ya tsaga cikina ya ɗinke, na tashi na ci tuwo. Amma ranar da jikata Raihanatu ta kawo saurayinta, ran nan kam anka kada ni.

"Kaka, ga Yakuba... shef ne, shugaban operasiyo," ta ce, tana rufe fuska da mayafi.

Operasiyo! Ni da anka yi ma ita, wa zai gaya mini? Nan take na ɗage riga.

"Duba ɗinkin ga, yaro. Aikin kirki ne ko na banza?"

"Baba, ai ni..."

"Kai dai duba! Nawa suke biyanka?"

Ya sadda kai. "Nan Konni jika ɗari uku na kuɗin sefa a wata. Birnin Yamai sun ce ɗari biyar. Kwatano, can bakin teku, ɗari bakwai."

"Ikon Allah! Wato cikin mutanen Kwatano ya fi namu tsada? Kitse ne ya yi musu yawa?"

Raihanatu ta faɗi kan tabarma don dariya. "Kaka, motocin albasa yake kula da su! Lodi da direbobi!"

"Yi mini shiru, amarya. Yau kinka san shi, ni tun kan a haife ki na san operasiyo."

Sai ta bar dariya. "Kwatano yake son mu tahi bayan biki."

Kwatano... Yarinyar da uwarta ta rasu ta bar mini tana rarrafe. Ni na dama mata kunu da hannun ga, ni na goya ta maza na yi mini dariya. Na sa hannun riga na goge ido. Hayaƙin murhu ne, ba kuka ba, ni ban kuka.

"Yaro," na ce, "can suna ba ka jika ɗari bakwai. Ni jika guda gare ni duk duniya. In ka ɗauke ta, mi ya rage mini?"

Raihanatu ta dubi Yakuba, ido jajur. "Masoyina, ina son ka har raina... amma wa zai zuba ma Kaka ruwan alwala?"

Yakuba ya daɗe yana murza hularshi. Sannan ya ce, "Ɗari uku ta isa, Baba. Da taka guda, ai na fi na Kwatano."

Bayan girbi anka ɗaura aure. Suna Konni, duk Juma'a tana nan da kwanon fura.

Matsala guda dai: na riga na shaida ma masallaci cewa na yi suruki mai tsaga ciki. Jiya ma tsohi uku sunka tare shi ƙofar gida, riguna a ɗage. Yana ta rantsuwa shi albasa ya sani.

Kunya ce. Yaron akwai ladabi.