Murhun Kufai

Ana gab da kiran magariba tukunyar Inna Zuwairatu ta kife a karo na uku. Babu iska, babu akuya a kusa. Tukunyar ta dai karkata a hankali kamar an tura ta da hannu, ruwan tuwo ya kashe wutar. Inna ta tsaya da muciya a hannu tana kallon ɗanta Zaharaddeen, shi kuma yana kallon tsakar gidan da ya gama ƙawatawa shekaranjiya.

Daga bautar ƙasa ya dawo Batsari da hotuna cike da waya: gidajen da aka shimfiɗa wa tsakuwa, aka zagaye furanni da fararen duwatsu. Ya tambayi bulon daɓe na intalok, da ya ji kuɗin ya haƙura. Ya tambayi tifar tsakuwa, nan ma ya haƙura. Sai wani mai amalanke ya ce masa bayan ƙauyen Tsaskiya akwai kufai, duwatsu zube, ko sisi ba a biya.

Da kansa ya je ya zaɓa. Ba ya son masu ɓarewa, ba ya son masu kaifi saboda ƙafar Inna. Masu sulɓi yake nema, daidai kan mutum. A gindin wata tsamiya ya ga guda uku, girmansu ɗaya, baƙi ƙirin, suna fuskantar juna.

"Waɗannan kam ba da hannuna ba," in ji mai amalanken.

Zaharaddeen ya yi dariya ya loda su da kansa. A gida ƙanwarsa Mahfuza ta wanke su da ruwan zafi, shi kuma ya bi duwatsun duka da farin fenti, ya jera su tun daga zaure har gindin famfo.

Bayan kifewar tukunya sai jifa. Kullum rana ta yi ja, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai jifan ba ya sauri. A leƙa waje, babu kowa.

Sannan Mahfuza ta daina cin abinci. Ba ƙi take yi ba. Sai ta kai loma baki, haƙoranta su datse. Kunu ma haka. Aka kai ta asibiti, aka duba, ba a ga komai ba. A kwana na tara idanunta sun faɗa, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu.

"Yaya," ta ce da shi a hankali, "yunwa nake ji."

Ranar ya hau babur ya ɗauko Malam Barau daga Yasore, dattijon da aka sani da ruƙiyya.

Bayan la'asar Malam ya zauna a gefen tabarmar Mahfuza ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Ya daɗe yana yi kafin Mahfuza ta tashi zaune, ta miƙe ƙafafu irin na tsofaffi. Muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai murhu. Tun da mutanen kufan nan suka tashi nake girki a kansa. Wancan mai wandon ya zo ya kwashe, wannan kuma ta sheƙa mini ruwan zafi a hannu, ko bisimilla babu. 'Ya'yana ba su ga ɗumi ba tun ranar. Ba za ta ci ba sai sun ci."

Inna ta toshe baki da gefen zane.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma yarinya ba ta sani ba. Me kike so?"

"Baƙar akuya."

"Ba a yanka sai don Allah. Kayanki aka ɗauka, kayanki za a mayar."

"To a bar mini ita, ta yi mini aikin wata guda."

Malam ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin Mahfuza ya hau kyarma.

"Na ji! Na ji! Gobe kafin rana ta faɗi. Hannun da ya ɗauko shi zai mayar. A kuma kankare mini wannan farin abin, ni ba amarya ba ce."

Mahfuza ta yi atishawa, ta sulale ta kwanta.

Zaharaddeen ya dubi jerin duwatsun, sun fi ɗari biyu, duka fari tas. "Malam, wallahi ban san waɗanne ne ba. Duk na shafe su."

"Bari sai asuba, in sun sha raɓa. Ka bi su da tafin hannu."

Haka ya yi. Ya durƙusa yana taɓawa ɗaya bayan ɗaya, sanyi na ratsa yatsunsa. Kusa da zaure ya janye hannu da sauri. Dutsen da ɗumi, kamar yanzu aka sauke tukunya. Na biyu yana gindin famfo. Na uku a ƙofar ɗakin Mahfuza.

Ya kankare su da wuƙa har baƙin ya fito, ya ɗaure su a bayan babur. A gindin tsamiyar ya tarar da ramuka uku, ko ganye bai faɗa ciki ba. Ya yi sallama, ya zaunar da kowane a gurbinsa. Yana juya baya ƙamshin miyar kuka ya biyo shi. Bai waiga ba.

Da ya shigo gida, Mahfuza na bakin murhu tana suɗe kwano.

"Inna, akwai saura?"

Har yau giɓi uku na nan a jerin fararen duwatsun. Baƙi kan ce masa, ai da ka cike nan da ya fi kyau. Sai ya ce a'a, wurin da mai shi.