Mai Gadin da Kofur Bai Horar Ba

Motar na fake a bayan siton wayoyi, fitilu a kashe. Gari ya kusa wayewa.

"Ka tabbata, Kofur?" in ji Kunama, shugaban tawagar, yana shafa bindigarsa.

Kofur na kujerar baya, ya naɗe fuska da ƙyalle. Tsohon soja ne. Shi ke horar da masu gadin wannan sito, shi ne kuma ya kawo harkar.

"Yarana ne, ni na koya musu aiki. Da sun ga bindiga za su kwanta. Ba kallon fuska, ba ihu, ba bin ɓarawo. Sharaɗina ɗaya: ba jini."

"Ba jini, baaba," Tsinke direba ya yi dariya. "Kai dai ɗinke bakinka. Yaranka sun san muryar ubansu."

Akwai abin da Kofur bai sani ba. Ango, mai gadin ƙofa, yana asibiti, matarsa na naƙuda. Bai nemi izini ba, don sabon ma'aikaci in ya nemi hutu sallamarsa ake yi. Sai ya tuɓe kakinsa ya sa wa wansa, wani mahauci.

"Yaya, zama ne kawai. Ka haska tocila, ka zagaya, shi ke nan."

"Je ka kula da matarka. Ina nan, ko ƙuda ba zai shiga ba."

Su Kunama suka haura katanga.

Mai gadin ciki na ganin bakin bindiga ya zube, fuska a ƙasa, hannaye a ƙeya. Kofur ya saki numfashi.

Na ƙofa ya miƙe tsaye.

"Ɓarayi! Jama'a, ɓarayi!"

Ya wurgi Kunama da tocila — ta fasa masa leɓe! Ya rarumi benci. Kakin ya matse shi, wuyan rigar ya ƙi rufuwa. Kofur ya duba da kyau. Bai taɓa ganin wannan mutum ba.

Kunama ya ɗaga bindiga.

Kofur ya cije ƙyallen bakinsa. In ya yi shiru, mutum zai mutu. In ya yi magana, ya tona kansa.

"Kwanta! Fuska a ƙasa! Kwanta, wawa!"

Muryar ta cika farfajiyar, irin wadda yake daka musu kullum a filin horo.

Mahauci bai san ta ba. Ya ci gaba da tahowa.

Tau! — Tau!

Bencin ya faɗi. Shi ma ya bi shi.

Daga ƙasa, mai gadin ciki ya ce a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Oga Kofur?"

Kunama ya ji.

"Bar kayan! Mota! Maza!"

Tsinke ya figi mota. Jiniya ta taso daga babban titi; maƙwabta sun ji ihun sun kira 'yan sanda.

"Mun yi da kai ba jini," in ji Kofur.

"Mun yi da kai ba magana," Kunama ya tofar da jinin leɓensa. "An san ka, baaba. Wanda aka sani ba ya tafiya da mu. Tsinke, rage gudu."

"Oga, sun matso fa!"

"Shi ya sa. A ba su abin tsayawa."

Ƙofa ta buɗe — ƙafa a ƙirji — Kofur ya gangara kan kwalta! Kafaɗarsa ta goce. Motar 'yan sanda ta ci birki a kansa.

"Ga ɗaya, yallaɓai!"

"Sauran fa?"

"Sun sha kwana."

Kunama da Tsinke sun tsira, hannu wayam. Mahauci ya cika kafin a kai shi asibiti. Asibitin da aka haifi 'yar ƙaninsa ne. Ango ya fito daga ɗakin haihuwa yana neman wanda zai fara yi wa albishir, aka tura gawar ta gabansa, sanye da kakinsa.

Da hantsi 'yan sanda suka kai Kofur ofishin kamfanin masu gadin, da ankwa a hannu, don ya nuna musu akwatin da yake ajiye kayansa. Sababbin masu gadi na jere a fili cikin rana, suna jiran darasin safe.

Suna hango shi suka ƙame.

"Barka da zuwa, Oga!"