Jaririn Da Ba Nata Ba

Safiyar Asabar ce, amma ɗakin nasu na hawa na huɗu shiru kamar gidan makoki. Malama na tsaye gaban injin wanki, idanunta sun kumbura suntum. Shekara shida da aurenta da Injiniya, biyu a ƙasar mutane, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Jiya kuwa Hajiya, mahaifiyarsa, ta yanke hukunci ta waya: ƙarshen wata ya ba ta takardarta ya sako ta a jirgi.

"Ɗauko mayafinki mu fita," in ji shi. "Shekara biyu a unguwar nan, ba mu san ko'ina ba sai tashar bas."

"Yawon ban kwana ke nan?"

"Haba, don Allah ki bari!"

Haka suka fita jiki ba ƙwari. Suka bi wani lungu da ba su taɓa shiga ba, suka wuce shagon aski da na tsofaffin littattafai. Ashe har da wata 'yar gada a bayan layinsu! Ya tsaya wajen mai furanni ya saya mata ɗaya, ta karɓa ba ta ko kalla ba. Wallahi abin tausayi, yana ta nuna mata gine-gine, ita kuwa lissafin kwanakin da suka rage mata take yi.

A filin shaƙatawa suka zauna kan benci. Wata mata wadda 'yarta ta ruga wajen titi ta miƙo wa Malama jaririnta, ta bi yarinyar a guje. Malama ta rungume shi, tana shinshinar kansa.

Daidai lokacin wayar Injiniya ta yi ƙara. Hajiya ce, kiran bidiyo. Yana ɗagawa kyamara ta hasko Malama da jariri a ƙirji.

Sai guɗa!

"Ayyiriri! Ja'irai, ashe ɓoye min kuka yi? Matso min da angon nawa in gani!"

Injiniya ya taka ƙafar matarsa, ya raɗa mata, "Yi shiru kawai, ma san yadda za mu yi."

Hawaye suka wanke mata fuska. Shirun nan kaɗai zai riƙe mata aurenta, ta sani sarai. Amma ta ɗago kai.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ba nawa ba ne, riƙo aka ba ni."

Ƙit, aka kashe wayar.

"Kin kashe mu," in ji shi. Uwar jaririn ta dawo ta karɓi abinta da godiya. Malama ta bi su da ido har suka sha kwana, sannan ta kifa kai a cinya ta fashe da kuka mai cin rai.

Suna hawa matakalar gida wayarta ta yi ƙara. Hajiya, wadda ba ta taɓa kiran lambarta ba!

"Na ga yadda kika riƙe shi," in ji tsohuwar, muryarta a dishe. "Haka nake riƙe 'ya'yan mutane shekara tara, kafin in sami wannan na kusa da ke. Na manta ne, 'yata. Ce masa kada ya rubuta komai."

Malama ta zube a kan matakala. Haihuwa dai ba ta zo ba tukuna, sai ranar da Allah ya nufa. Amma 'yan'uwa mata ku ji da kyau: da ta yi shiru a bencin nan, wata ɗaya kacal za ta ƙara kafin asiri ya tonu. Da ta yi haƙuri ta faɗi gaskiya, uwa ta samu.