Farin Tabo a Hannun Dogo

Auta na goge wa mijinta rigar zuwa asibiti sai ga mahaifiyarta ta shigo, ko zama ba ta yi ba.

"Haɗa kayanki, yau gida za mu."

"Mama, me kuma ya faru?"

"Ni za ku raina wa hankali? Na ga hannunsa jiya da ya miƙo min kujera. Fari-fari har gwiwar hannu. Kuturta ce kuke ɓoye min, kuna cewa cutar kansa ce."

Dogo, mijin, yana kwance a falo yana jin su. Mai walda ne. Bara wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, ya ɗauka tartsatsin wuta ne. Kafin a gane kansar fata ce, ta kai huhu, ta kai wasu 'yan tsoka biyu da ke saman ƙoda. Wata biyar ke nan ana yi masa ƙarin ruwan da ke zuga garkuwar jiki ta yaƙi ciwon.

"Ku tafi da ita, Mama," ya ce yana tura hannayensa ƙarƙashin bargo. "Dama na gaji da shayinta, kullum ba sukari."

"Ba inda za ni," in ji Auta, hawaye na ɗiga kan rigar. "Ki biyo mu wurin likita. In ta ce kuturta ce, da kaina zan ɗauko akwati."

A asibiti, likitar ta juya hannun Dogo gaba da baya, ba ko safar hannu.

"Mama, wannan ba ya kama kowa. Garkuwar jikinsa ce ta farka, garin farautar ciwon ta haɗa da launin fata. Mu murna muke in mun gan shi. Huhunsa ma ya kusa washewa."

"Alhamdulillahi! Ashe ya warke?" in ji Mama.

Likitar ta juyo musu kwamfuta, ta ɗora biro kan wasu dunƙule biyu a hoton cikinsa.

"Na saman ƙodar ne suka ƙi ji. A wurin nan maganin yakan gaza. Sun ninka, kuma jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba."

"Saura wata nawa, likita?" in ji Dogo.

Ta shiga daidaita takardun da ke gabanta.

Da ya yunƙura zai tashi, Mama ce ta riga Auta, ta kama farin hannun nan da nata biyu.

"Ke riƙe ɗayan mana, kin tsaya kina kallona."

An dai ɗauki akwati ran nan, amma na Mama ne, aka kawo shi gidansu. Wata huɗu tana haɗa masa shayi da kanta, cokali uku na sukari, har safiyar da ya kasa haɗiya.

Haƙurin Auta bai ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Abin da ya samo masa shi ne ya rasu hannunsa ɗaya a nata, ɗaya a na surukarsa. Iyaye, kafin ku raba 'ya da mijinta kan abin da ido ya gani, ku tambayi wanda ya sani.