Wanda Kuke Tare

Ranar da Nuriya ta fara ganin Abdulmumini, tsaye yake a bakin kogin Gaya da takalminsa a hannu, ya rasa ta inda zai shiga kwalekwale ba tare da farar shaddarsa ta taɓa laka ba. Tun da aka rufe gadar Malanbil, manyan 'yan kasuwa da masu kamyo, wato manyan motocin kaya, duk suka koma roƙon masunta su tsallakar musu da kaya, kuma jirgin Hamani, mahaifin Nuriya, yana cikin waɗanda ba sa hutawa. Ita kuwa tana cikin ruwa har gwiwa tana wanke kifi, kamar yadda ta saba tun tana 'yar mitsitsiya.

"Malam, ruwan ba ya cizo," ta ce, ko kai ba ta ɗago ba.

"Ke ya sani," ya ce. "Ni baƙo ne gare shi."

Ya yi ta maza ya taka, santsi ya kwashe shi, shaddar ta sha laka har ƙugu. Nuriya ta toshe baki da mayafi, dariyar ta ƙi ɓoyuwa. Da ya ɗago ya dube ta sai shi ma ya fashe da ita, ya manta da kayan da ya zo tsallakarwa.

Ɗan Alhaji Harun ne, mai kamyoyin da ke kai kaya Dosso da Yamai. Daga ranar nan, aiki bai sake yanke masa a bakin kogi ba, ko babu kaya sai ya ƙirƙiro. Yana tsokanarta da cewa Hausarta ta kasuwa ce, ita kuma tana koya masa gaisuwa da yaren Dendi tana yi masa dariya in ya karkace ta. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, don haka in ya yi tafiya saƙonnin waya ne ke haɗa su.

"Nurina, na iso Dosso lahiya. Duk ruwan da na gani a hanya sai na leƙa ko kina ciki. Ki gaida Baba."

"Fofo, ɗan Alhaji. Ka dubi hanya ka bar duban ruwa, kar ka kai kamyon mutane rami. Ina nan inda ka bar ni."

Mahaifiyarsa, Hajiya Kubra, ba ta ɓoye ƙin abin ba. Ta riga ta zaɓar masa Balkisu, 'yar ƙaninta, mai shagon atamfa a bakin tasha, kuma ba ta ga abin da zai haɗa gidanta da ƙarnin kifi ba. Amma Alhaji Harun ya yi bincike, ya ji ba a taɓa kama Nuriya da komai ba, ya aika da goro gidan Hamani. Aka sa rana bayan yankan shinkafa.

Akwai abin da Nuriya ta daɗe tana ɓoyewa saboda kunya. Mararta na ciwo, ga ƙaiƙayi, wani lokaci ta ga jini ba lokacin al'adarta ba. Mahaifiyarta Hawa ta sha jiƙa mata saiwoyi, ya lafa ya dawo. Da biki ya matso sai ta ga bai kamata ta shiga gidan miji a haka ba, ta lallaɓa ita kaɗai zuwa wani ƙaramin gidan likita a bayan tasha.

Labule ne kawai tsakanin ɗakin dubawa da bencin masu jira. Matar da ke duba mutane ta gaji, ga layi, ba ta ko sassauta murya ba. Ta saurari Nuriya, ta rubuta magani.

"Ciwon sanyi ne. Ki kawo mijinki shi ma ya sha."

"Ba ni da miji, Madam. Ban yi aure ba."

"To, ki kawo wanda kuke tare. In ba haka ba zai sake sa miki."

Nuriya ta karɓi takardar maganin ta miƙe. Da ta ɗaga labulen, Balkisu ce zaune a kan benci da ɗaurin kai na ciwon haƙori, ta ƙura mata ido.

Balkisu ba ta yi ƙarya ba, wannan ne ma abin haushin. Abin da ta ji ta maimaita, kalma ba ta ƙara ba, sai dai ta san kunnen da za ta kai wa. Kafin kasuwa ta watse maganar ta shiga gidan Alhaji Harun, ta fito, ta gangara bakin kogi. Washegari wata tsohuwa ta dawo da saƙo cewa Hajiya ta ce a dakata da maganar biki.

Hawa ta mari 'yarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wa ya yi miki wanga abu? Hwaɗa min tun ubanki bai shigo ba."

"Inna, wallahi ba wanda ya taɓa ni."

"To likita ƙarya ta yi miki?"

Hamani bai doke ta ba, bai kuma yi mata faɗa ba. Ya daina cin abincin da ta dafa. In ta gaishe shi sai ya dubi ƙasa ya wuce, kuma wannan ya fi marin ciwo. Ta shanye maganin da aka rubuta mata, ciwon yana nan yadda yake. A cikin wannan hali saƙon Abdulmumini da take jira ya shigo.

"Nuriya, ban yarda da maganar mutane ba. Amma ki hwaɗa min tsakaninki da Allah, wane ne? Zan iya yahe miki."

Ta karanta shi tana zaune a bakin murhu har tuwo ya ƙone. Duk abin da aka yi mata a garin, babu wanda ya karya ta kamar wannan yafiyar da ba ta roƙa ba. Ta rubuta masa:

"Ban yi abin da za ka yahe min ba. Kada ka sake kirana."

Da zunɗen ya yi yawa, Hawa ta ɗauke ta ta kai ta garin Tanda wurin yayar ita Hawa, ta ce ta zauna can har ƙura ta lafa. Suna can mai shela ya zagaya yana cewa wasu likitoci masu bincike sun zo daga Yamai, suna son duba matan da ke aikin shinkafa da masu wanki a kogi. Hawa ta ja hannun Nuriya suka tafi. Ba don tana sa ran wani abu ba, so take a faɗa mata gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Likitar mace ce, sunanta Zuwera, ta kuwa rufe ƙofa kafin ta yi tambaya ko ɗaya. Ba ta tambayi namiji ba. Ta tambayi tun yaushe Nuriya ke shiga kogi. Ta duba ta da wata na'ura mai fitila, aka gwada fitsarinta, sannan ta kira Hawa ta zaunar da su.

"Inna, ɗiyarki tsargiya gare ta."

Hawa ta yamutsa fuska. "Tsargiya ai ta 'yan maza ce, likita. Yaro ya yi hitsarin jini mu ce ya girma. Mi ya haɗa ta da mace?"

"Mu ma mun daɗe muna duban mafitsara kawai," in ji Zuwera. "Bincike na 'yan shekarun nan ne ya buɗe mana ido. Tsutsar tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta shiga ta fata, mutum bai ji komai ba. Ga mace, ƙwayayenta sukan maƙale a bakin mahaifa su yi gyambo. Alamunta kamar na ciwon sanyi ne, shi ya sa ake ba mata maganin da ba nasu ba, a kuma ɗora musu laihin da ba su yi ba. Babu hannun namiji a ciwon ɗiyarki. Kogi ne."

Nuriya ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Hawaye suka zubo, ba ta share ba. Amma likitar ba ta gama ba, kuma fuskarta ta nuna haka.

"Akwai magani, zai kashe tsutsar. Sai dai abin ya daɗe a jikinki, ya bar tabo, kuma magani ba ya goge tabo. Mai yiwuwa ki haihu. Mai yiwuwa kuma abin ya yi wuya, ko ya ƙi. Ba zan yi miki alkawarin da ba ni da iko da shi ba."

Hawa ta matso kusa da likitar. Can ta ce a hankali, "Yana sa ciki ya zube?"

"Yana iya sawa."

Hawa ta dubi tafin hannunta. Bayan haihuwar Nuriya, ita Hawa ta yi ɓari ya fi a ƙirga, dangin miji suka ce aljanin ruwa ne ya aure ta. Ta sauko daga kan kujera ta kama ƙafar 'yarta tana kuka, tana roƙonta gafara da Dendi, Nuriya na ƙoƙarin ɗaga ta ta kasa.

Hamani da kansa ya sa babbar riga ya je gidan Alhaji Harun ya faɗi abin da likita ta ce. Da la'asar sai ga Abdulmumini a Tanda a kan moto, wato babur, ya rame, idonsa ya faɗa. Nuriya ta fito ta tsaya a bakin zaure, ba ta ba shi tabarma ba.

"Nurina, na cuce ki. Ban san da wane baki zan roƙe ki ba."

"Baba ya gaya muku rabi," ta ce. "Rabin da ya rage nawa ne, ni zan hwaɗa. Likita ta ce mai yiwuwa ba zan haihu ba. Ka ji shi daga bakina, kar wani ya sake kai maka daga bayan labule."

Da so samu ne a ce nan take ya rantse mata cewa bai damu ba. Bai yi ba. Ya jingina da bango ya daɗe yana kallon ƙasa, don shi ne babba a ɗakinsu, ya kuma san abin da mahaifiyarsa ke jira daga gare shi.

"Waccan tambayar na yi ta da gaggawa, ta zame min abin kunya," ya ce. "Wagga amsa ba zan ba ki ita da gaggawa ba."

Ya hau motonsa ya tafi. Nuriya ta koma ciki ta kwanta, a ranta ta gama binne maganar. Ta sha maganin, ya wahalar da ita da jiri da amai. Aka yanke shinkafa, ranar da aka sa ta zo ta wuce. Sannan wata safiya wayarta ta yi ƙara.

"Nurina, na bi likitar har Yelu, ta gaya min abin da kika gaya min, ba ragi. Na tambayi kaina ko tausayi ne ko kunya ke ja na, na ga ba ko ɗaya. Na gwada tunanin gida cike da yara babu ke, na kasa zama a cikinsa. Na gaya wa Hajiya a gaban Alhaji. In har kin yahe min, ki bar ni in dawo."

Ta bar shi ya wuni yana jira, ya kuwa cancanci haka. Bayan magariba ta amsa:

"Na yahe, ɗan Alhaji. Amma ban manta ba, sai ka taya ni mantawa."

Hajiya Kubra ta sake sabon faɗa, ta ce jiya mutunci ne, yau kuma zuri'a. Alhaji Harun ya ce daga gidansa aka ɓata sunan 'yar mutane, daga gidansa kuma za a gyara shi, ya sake aika goro. Balkisu ba ta taɓa ba da haƙuri ba, har yau cewa take ita abin da ta ji ta faɗa. A kasuwa ma akwai waɗanda suka ci gaba da taɓe baki, suna cewa kuɗi ne ya sayo wa ciwon sabon suna.

Aka ɗaura aure ba tare da wani taro mai yawa ba. Da aka kawo amarya, mata suka cika ɗakin Hajiya don a miƙa mata ita. Wata tsohuwa daga Karakara, wadda ba ta san komai ba, ta ɗaga hannu ta yi addu'ar da ake yi wa kowace amarya.

"Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, baɗi war haka mu zo suna."

Hawa ta sunkuyar da kai. Nuriya kuwa, a ƙarƙashin lulluɓi, ta san kowa Hajiya yake kallo.

Hajiya Kubra ta matso kusa da amarya. Sai ta miƙa hannu ta ɗage lulluɓin, ta dubi fuskar yarinyar da ta taɓa sa aka dakatar da bikinta, ta ga yadda wuyanta ya rame.

"Amin," ta ce. "In ya kawo, mun gode. In bai kawo ba, ba wanda zai tambaye ki dalili a gidan nan, har da ni. Allah ya ba ku zama lahiya, ɗiyata."

Nuriya ta so ta ce amin, kuka ya riga ta. Daga bakin ƙofa, inda ango ya laɓe duk da an hana shi, aka ji Abdulmumini ya ce amin ɗin a madadinta.